Zeinabou da Layin da Babu Suna

Ranar da Zeinabou ta fara aiki a ofishinmu na kargo da ke Al Sabkha a Dubai, ni na fara yi mata ɓarna, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Ta fita alwala, na leƙa kwamfutarta, sai na ga allon baƙi ƙirin, wasu fararen rubuce-rubuce suna gangarowa kamar tururuwa. Babu hoto, babu kibiya. Na ce a raina, wayyo baiwar Allah, ranar farko na'ura ta mutu a hannunta, ga shi maigidanmu Alhaji Dikko ba ya ɗaukar irin wannan da sauƙi. Na durƙusa na zare wayar wuta daga bango, na ɗan jira, na mayar, kamar yadda nake yi wa talabijin ɗin flat ɗinmu in ta yi taurin kai. Ta dawo ta same ni ina karkaɗe gwiwa ina jiran godiya. Tonton take ce mini, wato kawu da Faransanci.

"Tonton Mijinyawa, me ka taɓa?"

"Gyara miki na yi. Mutuwa ta yi."

"Lafiyarta lau. Aikin da na yi tun safe ne ya mutu."

Da wata ce da an yi rigima. To amma ita 'yar Damagaram ce, ni Bakano, mu da su kuwa abokan wasa ne tun kakanni. Na ce mata ai ba laifina ba ne, ban taɓa ganin Badamagare ya kunna abin da ya fi fitilar ƙwai ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganin Bakano ya wuce soket bai taɓa ba. Daga nan muka ɗora, har yau ba mu sauke ba.

A unguwar Birni aka haife ta, cikin Zinder. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta na ɗinkin hula. Ita ce 'yar fari, saboda haka tun tana rarrafe kakarta ta ɗauke ta, kuma har ta girma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar da ta haife ta ba. In uwar na son ta miƙo mata wani abu, sai ta kalli bango ta ce, "A ce wa waccan ta kawo tsintsiya." Zeinabou ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kowa a gidan ya san wa ake ajiye wa tsokar da ta fi girma a ƙasan tukunya.

Ta yi lakwal, wato boko, da Faransanci, ta tafi Yamai ta karanci ilimin kwamfuta. A can ta samu ɗan aiki a wani shagon intanet mai tsofaffin na'urori, irin waɗanda in ka buɗe hoto biyu sai sun yi nishi. Mai shagon, Mushe Abdou, ya ce mata tunda na'urorin ba su da ƙarfin ɗaukar kwalliya, ta koyi yi musu magana kai tsaye. Shi ne baƙin allon nan da na kashe. Ba a danna hoto a cikinsa, rubuta umarni ake yi, na'ura ta bi. Ta ce da farko kuka take yi a kansa, daga baya ya zama in ta ga mutum na jan linzami yana kwafo suna ɗaya-ɗaya, tausayinsa take ji.

Aure ne ya kawo ta Dubai. Mijinta Chamsou yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Al Quoz. Suka kama ɗaki a wani flat a Al Muraqqabat, inda gida huɗu ke raba kicin ɗaya, kowa da rubutun sunansa a jikin robar mai. Ranar da za ta bar Zinder, uwarta ba ta raka ta tasha ba. Ta tsaya a zaure tana gyara zaren hula, ta ce wa ƙanwarta, "A ce wa mai tafiyar ta riƙa cin abinci." Yanzu duk Juma'a uwar na turo mata saƙon murya, kuma kullum iri ɗaya yake farawa: shiru, sai jan numfashi, sai ɗan gyaran murya, sannan, "To... ana lafiya?" Zeinabou ta ce wannan shirun takan maimaita shi fiye da sauran saƙon.

Aikin ofishinmu kuwa ga yadda yake. 'Yan kasuwa daga Kano, Maraɗi, Zinder da Kaduna su zo su yi sayayya a kasuwar Naif da kewaye, a kai kwalayensu sitonmu na Al Quoz, a auna, a rubuta wa kowane kwali lamba. Sannan a manna masa sitika mai ɗauke da sunan wanda zai karɓa, da lambar wayarsa, da garinsa. In kaya sun sauka Kano, wakilinmu na can suna yake kira, wanda ya amsa ya ɗauka. Kafin zuwan Zeinabou da alƙalamin maka muke rubutawa, muna leƙen waya muna kwafowa, mutum uku a kan aikin yini guda, kuma duk wata sai an yi rigimar kwalin Maraɗi da ya tafi Kaduna yawon buɗe ido.

Ita kuwa sai ta raba abin gida-gida. Sito su turo lambobin kwalaye, fayil guda. Sunaye fayil guda. Wayoyi da garuruwa fayil guda. Kowane abu a layinsa, bisa jerin kwalayen. Sai ta rubuta a baƙin allonta:

paste kwalaye.txt sunaye.txt wayoyi.txt > sitika.txt

Shi ke nan. Wannan paste ɗin ya ɗauki layin farko na kowane fayil ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauki na biyu da na biyu, haka har ƙasa. Kafin ka kurɓi shayi firinta ta fara tofo sitika. Alhaji Dikko da ya gani ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ni kuwa na ce sihiri ne, dama an san Damagarawa da shi.

"Ba sihiri ba ne, Tonton, biyayya ce," in ji ta. "Shi paste ba ya tambaya, ba ya gardama. Ka san takalma a ƙofar masallaci? In aka jera su ƙafa da ƙafa, aka rasa ƙafa ɗaya a tsakiya, mai jerawa kuma bai lura ba, to daga nan har ƙarshen sahu kowa da takalmin maƙwabcinsa zai koma gida."

Shi ya sa take da ɗabi'a guda: duk abin da ta haɗa, daga wutsiya take fara karanta shi. In ƙarshe ya cika, ta koma sama.

To, sai zuwan Hajiya Ramlat. Babbar 'yar kasuwa ce daga Kano, mai yi wa mutane da yawa sayayya a tafiya ɗaya. Ni na jawo ta ofishinmu, don aikina kenan, jawo kwastoma da baki. A wannan zuwan, cikin kwalayenta akwai guda da ta fi damuwa da shi: kayan lefe ne, leshi, abayoyi, jakunkuna da takalmansu, turaruka, mayafai da ta yi kwanaki tana zaɓe. Na tambaye ta na wa ne, ta ce, "Saƙon su Yaya ne, yaron wajenta zai yi aure." An riga an sa ranar kai lefen, dangin amarya sun gayyaci jama'a, kuma jirgin kayan wannan rana shi ne na ƙarshe da zai isa Kano kafin lokacin. In kwalin ya ɓata hanya, dangin ango hannu rabbana za su je gidan surukai.

Hajiya ta turo wayoyi da garuruwa a rubuce, ta kwafo su daga wayarta bisa jerin kwalayen. Sunaye kuwa ta ce yatsunta sun gaji, ta yi saƙon murya. Zeinabou ta saurara ta rubuta, ta haɗa. Bayan azahar motar sito ta iso ƙasan bene da kwalayen, direban ya tare rabin titi, yana danna hon yana ɗaga murya, "Yalla, yalla!" don in ya makara a filin jirgi ba za a karɓi kayan ba. Hajiya na zaune a kujerar baƙi tana fifita da mayafi.

Zeinabou ta leƙa wutsiya, sai ta janye hannu daga firinta. Layin ƙarshe akwai lambar kwali, akwai waya, akwai gari, amma wurin suna fayau.

"Hajiya, suna ɗaya ya yi ƙasa."

"Duk na faɗa, 'yata."

"Kwalayen sun fi sunayen yawa da guda."

"Ni dai na faɗa."

Na matso, don ni ba a yin matsala a gabana ban ba da shawara ba. Na ce ai abin mai sauƙi ne, tunda na ƙarshe ne babu suna, a sa sunan Hajiya a wurin, khalas, in ya isa Kano ta san mai shi.

"Tonton, wa ya ce maka na ƙarshen ne babu suna? A ƙarshe ramin ya fito, amma ba mu san inda aka haƙa shi ba. In a tsakiya ne, duk wanda ke ƙasa da shi ya hau kwalin wani."

Na duba allon. Kwalin lefe shi ne na huɗu, sunan da ke gefensa kuwa Nasrullahi. Ni kuwa na san Nasrullahi. Ɗan Kantin Kwari ne, mutumin kirki, amma kaya tun suna kan mota yake sayar da su. In aka kira sunansa aka miƙa masa kwalin nan, kafin magariba lefen ya watsu a gidaje goma.

Sai na juya kan Hajiya. "Hajjaju, tuna mana! Wa kika manta? Ɗan Yayan nan da zai yi aure, ya sunansa? Faɗi kawai mu rubuta, mota na jira!"

Hajiya Ramlat, matar da na sha gani tana ciniki da Larabci da Indiyanci har mai shago ya roƙe ta ta tafi, sai ta sunkuyar da kai tana kallon lallen hannunta. Ta buɗe jaka ta rufe. Ta ce zafin garin nan ya yi yawa. Direba ya sake danna hon.

Zeinabou ta juya kan kwamfutarta. Ta sa iyafis a kunne ta sake kunna saƙon muryar. Kwali na ɗaya, Hadijatu mai shagon Zoo Road. Na biyu, Bashar. Na uku, Ummi Kulsum ta Maraɗi. Daga nan sai shiru. Jan numfashi. Ɗan gyaran murya. Sannan, "To... sai Nasrullahi." Da farko ta ɗauka Hajiya na duba kwali ne. Yanzu da ta sake ji, ta san wannan shirun kamar yadda ta san ƙofar gidansu. Duk Juma'a shi ke fara gaishe ta.

Ta cire iyafis ɗin guda, ta dube ni.

"Tonton, Hajiya ta gaji. Sauka ka sayo mata shayin karak."

"Yanzu? Ana wannan..."

"Yanzu. Mai zafi."

Na fita. To, gaskiya ban sauka ba. Na tsaya bayan ƙofa na kafa kunne, ta ɗan tsagin kuma ina hango su.

Zeinabou ta jawo kujerarta kusa da Hajiya, ta yi ƙasa da murya. "Mama, ni ma 'yar fari ce. Ba sai kin faɗi komai ba. Na huɗun ne ko?"

Hajiya ba ta ɗago ba. Kai kawai ta ɗan gyaɗa, irin gyaɗawar da in an kai ƙara za ta iya musantawa.

Zeinabou ta koma kan fayil ɗin sunaye, ta buɗa layi guda a ƙasan Ummi Kulsum, ta bar shi babu komai. Ta ɗauki lambar wayar da ke layi na huɗu, wadda Hajiya ta rubuta da hannunta ba tare da wata damuwa ba, tunda lamba ba suna ba ce. Ta kira, iyafis na kunnenta don kada muryar ta fito.

"Salamu alaikum. Daga ofishin kargo ne a Dubai. Akwai kwalinka. Faɗa mini cikakken sunanka yadda yake a katinka." Ta saurara, yatsunta na tafiya. Ba ta maimaita sunan da baki ba. "Bon. Kai ne angon?" Ta yi dariya. "Allah ya sa alheri. Ka je da katin, kada ka aiki kowa."

Ba ta tsaya nan ba. Ta kira lambar layi na biyar, Nasrullahi ya ɗauka da hayaniyar kasuwa a bayansa. Ta kira ta ƙarshe ma, sunan ya dace. Sannan ta sake rubuta umarninta, ta leƙa wutsiya. Ta cika. "Voilà," in ji ta, firinta ta kama aiki.

Na shigo ina haki kamar wanda ya hau bene. Ta dubi hannuna.

"Ina shayin?"

"Layi ya yi tsawo."

Muka sauka gaba ɗaya da sitikun. Yaran sito na mannawa, Zeinabou na bin su tana gwada lambar sitika da lambar kwali. Da aka zo na huɗu, Hajiya ta miƙo hannu.

"Ba ni wannan. Ku a karkace kuke mannawa."

Ta karɓa. Na leƙa ta kafaɗarta na ga an rubuta Mu'awiya Sani, Kano. Ta tsaya tana kallon rubutun, leɓenta a rufe. Ta manna shi a tsakiyar kwalin, ta bi shi da babban yatsa tana lallashewa, gefe da gefe, har direba ya daina hon ya tsaya kallo. Da motar ta tashi, ta kama hannun Zeinabou ta riƙe.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya saka wa wadda ta haife ki."

Ni sai a lokacin na gane wane ne ɗan Yaya. Ni da aka haifa a Kano, na yi shekaru ina jin uwata na kiran babban yayanmu "mai sunan Malam", na tsaya a gaban mace ina ce mata faɗi kawai.

Daga wannan rana Zeinabou ta kafa doka. Duk matar da za ta turo sunaye da murya, takan ce mata, "Mama, in kin zo kan sunan da ba ya faɗuwa, na ɗan fari ne, na maigida ne, na suruki ne, ki ce tsallake. Zan bar masa layinsa, sauran aikina ne." Yaran ofis suka sa wa abin suna layin kunya. Maganar ta zaga masaukan 'yan kasuwa na Deira. Mata suka fara baro wasu ofisoshin suna hawo benenmu, suna tambayar ina yarinyar nan 'yar Nijar. Wata tsohuwa daga Maraɗi ta turo jerin da tsallake uku a ciki, Zeinabou ta cike su tsaf ba ta tambaye ta ko ɗaya ba. Alhaji Dikko ya saya mata sabuwar kwamfuta mai faɗin allo, ta kunna ta, ta mayar da allon baƙi. Ni kuwa aikina ya yi sauƙi. In na tare kwastoma a bakin tashar bas, ba na dogon bayani. Nakan ce, kowane ofishi na da mai jin magana, mu namu har shiru take ji. Kuma duk da 'yar Damagaram ce, in na faɗi haka ƙirjina har buɗewa yake yi.

Lefe ya isa a kan lokaci. Bayan biki Hajiya ta turo hotuna, ga akwatuna a jere a tsakar gidan amarya, ga mata na ɗaga leshi suna guɗa. Ta kuma aiko mana da kwali guda ta hannun wani fasinja: alkaki, nakiya, dubulan, da kilishi. Ta ce a raba wa duk wanda ya taimaka ranar, Zeinabou ce mai rabo.

Ita kuwa ba ta iya raba ko goro sai da na'ura. Ta yi fayil na sunayenmu, ta yi na abin da kowa ya yi, ta haɗa, ta buga, ta manna a bango. Direba, ya kai kaya a kan lokaci. Yaran sito, sun manna sitika. Alhaji Dikko, ya biya kuɗin waya. Na bi da yatsa har na iso Mijinyawa. Gefensa fayau.

Na ce, "Allahu akbar! 'Yar Damagaram, ashe har na kai matsayin da ake yi mini layin kunya? Dama na san wata rana za ki gane ubangidanki."

Ba ta ko ɗago daga allon ba. Ta gutsuri alkaki ta ce, "Tonton, duba da kyau. Sunanka na nan, na rubuta shi ba kunya. Aikin ne na nema ban samu ba."